Tsatsa a Wuƙaƙen Abah Ukar

Sansanin katako, Kogin Mahakam
Oktoba 1996

Zuwa ga Teteh Yoyoh,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙane ga yayarsa, ko da yake sai an hau har kan kakanni ake samun inda muka haɗu. Yaya gwiwar nan taki? Yaya yaran da kike koya wa Alƙur'ani a baranda? Ni lafiya lau nake, sai dai sauro, da busasshen kifi safe da yamma.

Teteh, yaya akwatina? Na san za ki ce na tambayi wuƙaƙe kafin in tambayi kowa. To, matata ce ta rantse ba za ta zauna da akwatin wuƙa a gidan iyayenta ga yara suna rarrafe ba, kuma a duk dangi babu wanda zan bar wa shi in yi barci sai ke.

Ga wata sabuwa a cikin ƙunshin nan. Wani tsoho ne ya ƙera ta a wani ƙauye can sama da mu. Ki buɗe ta ki naɗe ki ji, ko girgiza ba ta yi. Ƙotar hauren aladen daji ne, shi ya kashe shi da hannunsa. Duk abokanmu na Bandung babu mai irinta. Ki sa ta cikin 'yan uwanta.

Ga albishir kuma. Pak Wiranta, wanda masu tara wuƙaƙen aljihu ke haɗuwa a gidansa, ya ga aikin maƙerinmu Abah Ukar da na nuna masa kafin in taho. Ya ce bayan Sallah shi da abokansa za su ba Abah aiki mai yawa. Ki gaya wa tsohon. Na san "to" kawai zai ce, ya ci gaba da bugu.

Ƙanenki,
Encep

Cibatu, Sukabumi
Nuwamba 1996

Zuwa ga Ayi Encep,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarka ta same ni cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah Ya sa tawa ta same ka haka. Gwiwa da sauƙi, sai in an kwana ana ruwa. Bana kuwa damina ta sauka da ƙarfi, rufin baranda yana yoyo, yara suna karatu suna ja da baya daga ɗigo. Biyu daga cikinsu sun kusa sauka, ka sa su a addu'a.

Na kai wa Abah albishir. Bai ce "to" ba, ka yi kuskure wannan karon. Ajiye guduma ya yi, ya ce da 'yarsa Nengsih ta kawo mini shayi. Washegari na ga ya aika an sayo masa ƙahon ɓauna da tsofaffin sifirin mota, tun kafin a ce masa ga adadin da ake so.

Ƙunshinka ya iso. Aikin tsohon nan yana da kyau, ban hana shi ba. Amma na ajiye ta daban, cikin gorar bambu a rumfar kaji. Sauran kuma na wanke su yadda aka koya mana. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

Abin da ya sa na gaggauta rubutu shi ne, jiya na buɗe akwatin na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wuƙaƙen Abah duk sun yi tsatsa, ja wur, wasu ma sun ƙi buɗuwa sai da na sa ƙarfi. Na kamfani da ka sayo a Jakarta suna nan fes, babu abin da ya same su. Na shafa musu man keken ɗinki, amma tsatsar ta riga ta ci. Amana ce ka ba ni, ga yadda ta zama a hannuna. Ka gaya mini abin da zan yi.

Matarka ta aiko da saƙo daga Garut, ƙaramin ya fara tafiya.

Yayarka mai yi maka addu'a,
Yoyoh Rokayah

Sansanin katako
Disamba 1996

Teteh,

Salam. Ina lafiya, Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi. A tsaye nake rubutun nan, jirgin ruwa yana jira.

Kada ki sa wa ranki damuwa, babu laifinki. Akwati ɗaya, ɗaki ɗaya, damina ɗaya, na kamfani suka tsira, na Abah suka ruɓe? Ai magana ta fito. Na daɗe ina jin ana cewa tun da idonsa ya raunana ya koma yankan tsohon durum yana ce mana sifirin ne, ni ne nake musu. Ni na ɗauki aikinsa na kai Bandung, na buga ƙirji a gaban manyan mutane. Yanzu in sun saya ta ruɓe musu a aljihu, wa za a kalla? Ni.

Na riga na rubuta wa Pak Wiranta ya dakata, na gaya masa abin da kika gani da idonki. Na ce masa maganar malama ce, wadda ba a taɓa jin ƙarya a bakinta ba.

Kada ki ce wa tsohon komai, ni zan same shi in na dawo. Gobe za a wuce da mu can ƙuryar daji, inda wasiƙa ba ta zuwa, sai bayan Sallah za mu sauko. Ki yafe mini tun yanzu, azumi ya kusa.

Encep

Cibatu
Ƙarshen Disamba 1996

Ayi Encep,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya a inda kake. Ni jikina lafiya. Na san wannan takarda za ta kwanta a ofishinku har ka sauko, amma in ban rubuta ba ba zan iya tsayuwar salla da natsuwa ba.

Ayi, ka karanta wasiƙata da sauri, ni kuma na rubuta ta da tsoro. Bari in faɗi abin da na dunƙule a layi ɗaya.

Ranar da ƙunshinka ya zo, daga alwala na fito, hannuna jiƙe. Ɗoki ya sa na kwance shi kafin in buɗe wasiƙar. Na riƙe sabuwar wuƙar, na jujjuya ta, sannan na fito da sauran ɗaya bayan ɗaya don in yi mata wuri. Sai da na gama na zauna na karanta cewa ƙotar ta alade ce. Ka san hukuncin kamar yadda na sani, tare muka zauna gaban malami ɗaya: jiƙaƙƙen hannu ya ɗauki babbar najasa, ya kai ta duk inda ya taɓa. Sai na kwashe su duka na kai bakin rijiya, na wanke hannuna, na wanke kowace wuƙa sau bakwai, ɗaya da ruwan ƙasa. Na goge su da zane, na naɗe, na mayar akwati na rufe. Ban yi tunanin ruwa da laka sun maƙale a ciki, wajen ƙusar da ƙarfen ke juyawa ba. A garin maƙera aka haife ni, amma ban taɓa riƙe wuƙar da ta wuce ta yankan albasa ba.

Me ya hana ni faɗa maka a fili? Kunya. Na ga in na rubuta, kamar ina ce maka ka aiko da alade gidan da ake karatun Alƙur'ani. Ban so ka ji nauyi kana can kai kaɗai. Na tsare maka fuska, ashe ta wani na zubar.

Kafin wasiƙarka ta iso ma maganar ta riga ta zagaya. Nengsih ta same ni ina shanyar shinkafa, ko zama ba ta yi ba.

"Teteh, ke kika ce ƙarfen Abah durum ne?"

Na ce, "Subhanallahi, ni?"

Ta ce, "A Bandung da sunanki ake rantsuwa. An ce malama ta gani da idonta. Pak Wiranta ya aiko a dakata, mai shagon tasha ma ya dawo mana da na wajensa. Ga ƙaho can jibge a ɗaki, miya za mu yi da shi?"

Ta ce dillalin nan mai kai kaya Jakarta ya zo, ya ce zai karɓi duk abin da Abah ya ƙera, amma da sharaɗi: kada ya ƙara buga tambarinsa, ɗan kifin nan da ke gindin ƙarfe. Su za su buga na shagonsu. Abah ya ce a ba shi zuwa bayan Sallah.

Ka ce kada in yi wa tsohon magana. Ka gafarce ni, na saɓa. Na ƙunshe wuƙaƙen a ɗankwali na tafi maƙera. Na same shi zaune, wuta a kashe, da hantsi. Na durƙusa na faɗi komai, ban ɗaga kai ba. Ya ɗauki ɗaya ya kai ta dab da idonsa, ya buɗe da ƙyar, ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera. Busasshiyar ƙasa ta zubo.

Ya ce, "Yoyoh, rogo kika so shukawa a ciki?"

Na ci gaba da durƙuso.

Ya ce, "Tashi, gwiwarki. Ke kin bi littafinki, ba ni da ja da ke. Amma Encep? Yaron da na ƙera wa wuƙarsa ta farko ranar da aka yi masa kaciya? Bai iya aiko da layi ɗaya ya tambaye ni ba?"

Na ce zan gaya wa kowa gaskiya. Ya ce, "Wa za ki gaya wa? Matan unguwa ba sa sayen wuƙar aljihu." Ya juya mini baya yana tattara gawayin da ba ya bukatar tattarawa.

Ban san me zan yi ba tukuna. Allah Ya nuna mini.

Yoyoh

Cibatu
Jajibirin azumi, Janairu 1997

Ayi Encep,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa ka shiga watan nan da lafiya, Ya ba ka abin buɗa baki mai kyau a dajin nan. Gwiwa ta kumbura kaɗan, dalilin yana tafe.

Na je Bandung.

Na fara rubuta wa Pak Wiranta takarda, sai na yage. Takarda ce ta jawo wannan, kuma mutum ɗaya zai karanta ta ya sa a aljihu, alhali maganar ta shiga kunnuwa da yawa. Nengsih ta ce ranar Lahadi suke haɗuwa. Na roƙe ta ta raka ni. A mota sai da muka wuce Cianjur ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa ba tare da ta kalle ni ba.

Ka san gidan. Maza cike da baranda, hayaƙin taba mai kanumfari, kofi, dogon tebur da jan ƙyalle an jera wuƙaƙe kamar kayan lefe. Na yi sallama. Wani mai ƙiba ya ce, "Ibu, uwarmu, wa'azin mata a masallacin gaba ake yi."

Na ce, "Nan na zo. Ni ce Yoyoh ta Cibatu, yayar Encep."

Pak Wiranta ya miƙe ya ba ni kujerarsa, yana cewa sun gode da na tsare su daga asara. Wannan godiyar ta fi komai ƙona ni. Na ce masa a tsaye zan yi magana, in na zauna ba zan iya ba.

Ka san muryata, yara ma sai sun matso suke ji. Sau biyu ana cewa in ɗaga. Na faɗi zancen alwala, na faɗi sunan dabbar da bakina a gaban maza, na faɗi rijiya da ƙasa. Na kwance ɗankwalin na zube wuƙaƙen a kan jan ƙyallensu.

Mai ƙibar nan ya ce, "Tsaya, Ibu. Ƙarfen sifirin? A ruwa? Da laka?"

Na ce, "E."

"Sau nawa?"

Na ce, "Bakwai."

"Sannan kika naɗe su kika rufe a akwati? Da damina?"

Ayi, ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani ya ƙware da kofi, ana bubbuga masa baya. Wani likitan haƙori, Basine, yana ta tambayar na kusa da shi me ya sa bakwai, ana yi masa bayani ana ƙara fashewa. Wani Alhaji mai farar hula ya ce, "Ku daina, hukuncinta daidai ne. Wuƙar ce ba ta je makaranta ba." Suka sake kecewa. Ni ina tsaye ina kallon yatsun ƙafata. Da ƙasa ta buɗe da na shige.

Pak Wiranta kaɗai bai yi dariya sosai ba. Ya ɗauki wadda ta fi lalacewa, ya goga bakinta a bayan belinsa, ya ɗora a hannunsa, gashi ya zube. Ya ce, "Mu ne abin dariya. Wa a cikinmu bai san ƙarfen kirki yana tsatsa ba? Mun ji an ce malama ta faɗa, babu wanda ya ce a kawo mu gani." Ya tambayi Nengsih lafiyar mahaifinta. Ta ce, "Yana nan, Pak, yana hutun da kuka ba shi."

Bai yi alkawarin komai ba, cewa kawai ya yi zai zo Cibatu. Likitan haƙorin ya biyo mu har ƙofa, ya ce in wuƙar tsohon nan na daji tana takura mini, shi zai riƙe maka ita har ka dawo. Na ce sai na ji daga bakinka, ba tawa ba ce.

A hanyar dawowa Nengsih ta yi ta danne dariya har ta kasa. Ta ce, "Teteh, da kin ga fuskarki." Na ce na gode Allah da ban gani ba.

Ka yafe mini abin da na yi wa dukiyarka. Abah ya karɓe su zai gyara, amma ya ce ramukan da tsatsa ta ci ba za su cike ba.

Yayarka,
Yoyoh

Samarinda
Fabrairu 1997

Teteh Yoyoh,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, a yafe mini ciki da waje. Jiya muka sauko, aka miƙo mini wasiƙunki biyu tare. Na karanta su a bakin tashar jirgi, na koma na nemo ta Nuwamba a jakata. Ga layin nan, "na wanke su yadda aka koya mana." Idona ya bi ta kansa ya wuce, tsatsar kawai na gani.

Teteh, ni na aiko miki da abin nan ko tunani ban yi ba. Ni na ɗauki sunanki na yi rantsuwa da shi. Ni na ci mutuncin mutumin da ya girmi ubana. Sannan ke ce kika hau mota da ciwon gwiwa kika tsaya ana yi miki dariya. Tun jiya ban iya cin abinci ba.

Wuƙar ki ba likitan, kada ta ƙara kwana a gidanki. Na rubuta wa Abah, ban san ko zai bari a karanta masa ba.

Wani ɗan Sukabumi da na haɗu da shi a nan ya ba ni labarin "wata malama da ta yi wa wuƙaƙe wanka", bai san yayata ba ce. Na kusa marinsa. Zan rubuta wa Pak Wiranta da duk mutanensa, kowa da sunansa, su kama bakinsu. Wanda ya ƙara ba da labarin nan, ni da shi.

Ƙanenki mai jin kunyarki,
Encep

Cibatu
Maris 1997

Ayi Encep,

Wa alaikumus salam. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini, kuma ka ci abinci. Gwiwa ta sace. Yaran nan biyu sun sauka, an yi shinkafa mai kurkum, an ci an yi addu'a.

Wasiƙarka ta isa maƙera. Nengsih ta karanta wa Abah, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ya iya rubutu." Bai ƙara ba. Ina ganin wannan sai ka zo da ƙafarka.

Pak Wiranta ya cika magana, ya zo, ya zauna a kan kututture ya sha hayaƙi rabin yini. Aikin da ya bayar bai kai wanda aka yi zance da farko ba, wasu abokan nasa sun riga sun kai nasu wani wuri. Mai shagon tasha har yanzu bai dawo ba. Amma da dillalin Jakarta ya zo jin amsa, Abah ya sa Nengsih ta ba shi shayi ta raka shi bakin hanya.

Yanzu ga roƙona, kuma wannan karon zan faɗa a fili, ba a layi ɗaya ba. Kada ka rubuta wa kowa ya yi shiru. In ka riga ka rubuta, ka sake wata ka janye.

Maganar durum ta yi tafiya mai nisa, ta shiga wuraren da ni da kai ba mu sani ba, ba kuma za mu iya bin ta gida gida ba. Babu mai ɗaukar gyaran magana ya kai wa wani, ba ta da daɗin faɗa. Amma labarin wawar malama kowa yana so ya ba da shi, kuma duk wanda ya ba da shi dole ya faɗi cewa ƙarfen Abah ba shi da laifi, in ba haka ba dariyar ba ta fita. Ka ga har Samarinda ya kai. A makon jiya mutum biyu suka zo daga Bogor, wai suna son ganin maƙerin da aka yi wa wuƙaƙensa wanka. Kowannensu ya tafi da ɗaya.

Ba zan ce maka ba ya yi mini zafi ba. Iyayen yara suna sunkuyar da kai in mun haɗu, na san dariya suke ɓoyewa. Kwana biyu na daina zuwa kasuwa, ina aika maƙwabciya. Jiya na ga abin ba zai yiwu ba, na ɗauki kwandona na fita. Ina cikin layin masu awara, kasuwa cike, sai mai sayar da wuƙaƙen girki ya ɗaga murya daga can ƙetare:

"Ibu Sau Bakwai! A kawo miki ƙasa?"

Kowa ya juyo. Na gyara mayafina, na ɗaga murya iyakar yadda zan iya, na ce, "Na'am."

Yayarka,
Yoyoh Rokayah